Kwabban Ramin Zinare

A shekarata ta uku a Dubai, aikina raka 'yan kasuwa sayayya ne. Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya a International City, dab da babbar kasuwar 'yan Sin. Wata Laraba aka haɗa ni da wani Alhaji daga gida, dattijo mai sanyin murya. Ya ce in kai shi inda ake buga 'yan ƙarafan nan na maƙalin makulli.

Na kai shi shagon wata mata 'yar Sin. A bayan rasit ya zana mata abin da yake so: ƙarfe kamar kwabo, da huda a tsakiya, da hoton diga a gefe ɗaya.

Da muka fito shan shayi na ce, "Alhaji, na mene ne?"

Ya ce, "Na ma'aikatana ne masu haƙar zinare a daji. Da shi nake biyan su, guda ɗaya ladan yini ɗaya. Kantina kaɗai ke karɓa. Garin kwaki, sabulu, maganin ciwon jiki, duk akwai."

"In mutum yana so ya aika wa iyalinsa fa?"

"Sai ƙarshen shekara a canza masa. Ka ba talaka naira a hannu, gobe ka neme shi ka rasa. Wasunsu ma tara aka ci su, ni na fito da su daga kurkuku. Ina za su?"

Yana faɗa yana fifita shayinsa, ko murya bai rage ba. Ni na kasa shan nawa.

Duk da haka na koma na yi masa ciniki, na karya farashin sosai, don abin da na iya ke nan. Ni na ɗaure katan uku na kai wa masu kago, masu aika kaya gida, a unguwar Al Khabaisi. Mai awo ya tambayi abin da zai rubuta, na ce kayan ado. Na karɓi la'adata.

Bayan wata bakwai Alhaji ya kira. "Ɗana, a ƙaro mini. Amma a yi ƙanana, rabin wancan. Akwai waɗanda tari ya kama, ba sa iya cika yini a rami."



Na ce masa na bar wannan aikin. Ƙarya nake. Ya nemi lambar matar, na tura masa.

Mako biyu bayan nan na bi ta gaban shagon, na tarar tana zuba ƙananan a leda. Ta ɗago ta yafuto ni, wai in zo in karɓi rabona, ai ni na kawo mata ciniki. Lokacin sabunta bizata ya matso, ba ni da ko rabin kuɗin. Na ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan na shiga.