Inuwar Tsamiya da Inuwar Kuka

Kakarmu Goggo Hajo ba ta taɓa taka filin kokawa ba, amma daga bakin murhunta ta gyara kokawar garinmu. A Tamawa muke, farkon shekarun 'yancin kai. Da an gama girbi sanyi ya shigo, sai mu taru a ɗakinta bayan isha'i, ta tura kututture cikin wuta, ta binne mana gyaɗa a toka, mu yi ta ƙona yatsu.

A shekarar nan wana Sale ya daina dariya. Al'adar filinmu ita ce wanda ya yi kaye ya tsaya, wani ya fito masa. Sale ya yi ta kayar da samari har ƙafafunsa suka soma rawa. Sannan wani Ɗanjuma daga Dabawa, wanda tun azahar yake zaune yana shan fura, ya taso ya nana shi da ƙasa, ya ja ragon da aka sa wa gwanin ranar ya tafi. Sale ya kwance layunsa, ya ce shi da kokawa har abada, ya kuma fara zancen barin gari. Ni kam hankalina ya tashi, don a duniya ba ni da kamarsa.

Goggo ta jira har daren da Kawu Bala, sarkin samari, ya shigo jin ɗumi.

"Angona, matso kusa," ta ce wa Sale. "Hushin naka ba ya hana ka jin sanyi. Ga wata tatsuniya nan ta taho, ku ba ta wuri."

Wai namun daji ne suka sa kokawa a kan wa zai riƙa fara shan ruwa a tafki. Shekarar farko irin tamu suka yi. Ɓauna ta yi ta kaye, dila yana laɓe a bayan geza, sai da ta galabaita ya fito ya ture ta. Shekara ta biyu suka ja kara don a fid da abokin karawar kowa, wanda ya faɗi ya koma gida. Karan ya haɗa giwa da ɓauna tun da safe, ita kuwa bushiya ta yi ta samun ɓeraye har ta kai ƙarshe. A nan Goggo takan kumbura kumatu ta yi mana taƙamar bushiya, mu yi ta faɗuwa don dariya.

Sai kunkuru ya ce kowa ya kama sau ɗaya. Wanda ya yi kaye ya tafi inuwar tsamiya, wanda ya faɗi ya tafi inuwar kuka, kowa ya sake karawa da na inuwarsa. Haka za a yi ta tacewa, ba mai komawa gida, ba mai hutawa wani yana zufa.

"To wa ya ci, Goggo?" na tambaya.

"Ke dai da son jin ƙarshe! Na mance. Abin da na riƙe, ba wanda ya tahi gida yana zage-zage."

A kokawa ta gaba sai ga Kawu Bala yana raba samari inuwa biyu, Sale kuma ya ɗaura layunsa. Da yamma Sale da Ɗanjuma suka rage, kowa haki yake yi. Ɗanjuma ya ɗaga shi ya buga da ƙasa, kaye mai kyau wanda ba gardama. Na rufe ido. Da na buɗe, Sale ne riƙe da hannun Ɗanjuma yana ɗagawa sama.

Na daɗe ina ganin dabarar Goggo ba ta yi rana ba, tunda angon nata ya sake faɗuwa. Sai da na girma, ina haɗa yara wasan langa a makarantar da na koyar a Dutsin-Ma, na gane ba rago ta nema masa ba. Fili ta nema masa wanda mutum zai faɗi a ciki bai ji an cuce shi ba. Har yau ina jinjina wa tsohuwar nan, Allah ya jiƙanta.

Sale ya tsufa a Tamawa. Na taɓa tuna masa ranar, sai ya yi murmushi ya ce, "An kayar da ni sau da yawa, ƙanwata. Waccan ce kaɗai ba ta yi mini ciwo ba."