Teburin sinukar da Kawu ya gyara

Da muka sayi gidanmu na unguwar Port Richmond a nan ƙasar waje, mun tarar da wani ƙaton teburin wasan sinuka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Masu gidan na da sun bar shi ne don ba ya ɗaukuwa, ƙarƙashin koren ƙyallensa allunan dutse ne. A ƙafafunsa an sassaƙa kawunan zakuna, a gefe kuma akwai ɗan tambarin tagulla mai rubutu da hoton wata mata. Ni dai tsare mini wuri ya yi, kayan wanki nake jibgewa a kai.

Wata Baturiya da muke aiki tare a asibiti ce ta ga hotonsa a wayata, ta zaro ido. Ta ce irin wannan yana iya haura shekara ɗari, kuma masu tara tsofaffin kaya na biyan kuɗi mai tsoka a kansa. Nan take na sa rai da samun kuɗin tafiya gida. Shekara bakwai rabona da Inna, ga idonta ya fara rauni. Na kira ta na ce bana ina nan tafe da jikokinta.

Wani Bature mai kimanta tsofaffin kaya ya ba ni rana, bayan sati biyar. A tsakanin nan azumi ya kama, maigida ya buɗe ɗakin ƙasan don maƙwabta su riƙa jam'in salla. Ya ɗora wa Kawu, ƙanen mahaifiyarsa da ke zaune tare da mu, aikin shirya wurin. Kawu tsohon kafinta ne, hannunsa ba ya iya zama. Ni kuwa aiki ya sha mini kai, ban leƙa ƙasa ba, ban kuma yi wa kowa kashedi ba. Wannan sakacin har yau yana ci mini rai.

Ranar da mutumin ya zo, muka sauka tare na kunna fitila. Teburin yana ta ƙyalli da sabon fenti ruwan ƙasa. Zakunan babu su, an fafe ƙafafun sun yi sumul kamar taɓarya. Inda tambarin yake, ramukan ƙusa huɗu ne kawai.

Mutumin ya durƙusa, ya haska ƙarƙashi da tocila, ya shafa katakon. Da ya miƙe ya yi mini bayani cewa tambarin ne ke ɗauke da sunan maƙera da shekarar ƙira, sassaƙar ƙafafun ce ke nuna zamanin, tsohon launin katakon kuma shi masu saye ke nema. Yanzu ba zai iya rantsuwa a kan shekarunsa ba. Abin da ya rage dutsen ne, kuɗinsa ma ba zai biya masu fitar da shi ba.

Na hau sama, na samu Kawu a falo.

"Kawu, ina tambarin da ke jikin teburin nan?"

"Mai hoton matar? Ai tuni motar garbage mai kwasar shara ta tafi da shi, 'yata. A yi salla ga hoto ga gumaka a gaba? Kwana uku na yi ina fama da zakunan nan." Ya gyara zama yana murmushi. "Baturen ya yaba aikin ko?"

Na dube shi. Surukina ne, ya haife ni, kuma don Allah ya yi. Na rasa wanda zan huce takaicina a kansa.

"Ya ce ka yi ƙoƙari, Kawu."

Na shige kicin na rufe ƙofa. Ina tsaye gaban tukunyar kunu wayata ta yi ƙara, Inna ce. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce ta sa an share ɗakin baya, an sayo wa yara sabuwar katifa.

"Ke dai faɗa mini ranar, in sa a tanadi kaji."

Na ce mata layin ba ya da kyau, zan sake kira.