Kifin da Na Zuba a Ramin Gonar Ubana

An kwashe mini kifi sau ɗaya ina tsaye ina kallo, har yau kuma ba wanda ya tako ya ce mini yi haƙuri. Ban yafe ba. Ku da kuke ta tambayata yadda ramin garinmu ya zama wurin kifi, ga yadda aka yi.

Shekarun baya ne, lokacin da ake gyaran hanyar da ta bi ta gefen garinmu zuwa Dungas. Masu aikin suka zo neman marmara, suka same ta a gonar da na gada wajen mahaifina. Kamiyo, manyan motocin ɗaukar ƙasa, na shiga na fita har suka cinye rabin gonar, suka bar mini rami suka kama gabansu. Damina ta sauka, ramin ya cika, ruwan kuma bai ƙafe ba ko a tsakiyar bazara. Shanu suka samu mashaya, masu tubali suka samu ruwan kwaɓi, ni mai gona na samu kukan kwaɗi.

A lokacin ne na shiga karatun yaƙi da jahilci, da furfurata, ina riƙe alli kamar mai riƙon muciya. Wata rana malamarmu ta gayyato wani ma'aikacin ruwa da daji ya yi mana bayanin tabkunan da ake zuba wa kifi. Sauran mata na gyangyaɗi, ni kuwa na tsare bawan Allah da tambaya har ya fara satar kallon babur ɗinsa. Ƙarshe dai ya zo ya ga ramin, ya zura gora ya ji zurfinsa, ya ce zai yi. Da damina ta kama ya kawo mini ƴaƴan kifi cikin bido, jarkar roba, iri biyu, karfasa da tarwaɗa.

Ya ce, "Inna, karfasa haihuwa gare ta kamar ɓera. In ba tarwaɗa mai rage mata ƴaƴa, za su cika ramin nan, abinci ya kasa su, kowace ta tsaya kamar ɗan yatsa. Ku bar su su shekara. In an fara kamu kuma, wadda ba ta kai tafin hannu ba a mayar da ita ruwa."

Na riƙe maganar nan fiye da baƙaƙen da ake koya mini. Kullum da safe ina bakin rami da ƙwaryar dusa. Maigidana ya ce na fi kula da kifi a kansa, na ce masa kifi bai taɓa ce mini miya ta yi gishiri ba.

To, a yankinmu akwai al'adar su, wato kamun kifi na gayya. In rani ya yi nisa ruwan tabki ya ja baya, mai gari ya sa a yi shela, maza su faɗa ruwa rana guda, abin da ka kama naka ne. Haka kakanni suka yi, kuma bai cuce su ba, don tabkunan da suke yi wa haka ambaliya na kawo musu sabon kifi kowace damina. Ramina ba ƙoramar da ke shiga cikinsa. Abin da aka zuba, shi ke nan. Wannan ne ba su tsaya sun duba ba. Kifin ko shekara bai yi ba na ji mai shela a bakin masallaci.

Da koma ma suka zo, ragar masunta, da sauƙi. Sange suka kawo, gidan sauron da ake ba mata masu ciki a gidan likita. Suka ciro daga kan gadajen matansu, suka ɗinke wuri ɗaya, suka ja daga wannan baki zuwa wancan. Abin da sauro ba ya iya ratsawa, ɗan kifi ne zai ratsa? Manyan suka tafi cikin buhu. Ƙananan aka zazzage a kan marmara mai zafi, suna tsalle, kaji da shirwa na rabo. Da yamma yayana ya aiko mini da ƴan tarwaɗa a kwano, wai rabona. Na mayar masa da kwanonsa ko buɗewa ta biyu ban yi ba.

Sai abin da ma'aikacin nan ya faɗa ya faru. Tarwaɗa ta ƙare ƙaf. Ƴan karfasar da suka ɓuya a taɓo suka hayayyafa har ruwan ya yi baƙi da su, amma ba mai girma. In ka soya, kai da ido kawai. Maza suka ce ai dama kifin gwamnati ba ya auki. Na hau mota zuwa Waca, na sayo ƴan tarwaɗa masu rai wajen masunta, na rungumo bidon a cinyata, ruwa na fantsama wa fasinja, direba na mita har muka iso. Na zuba su, na koma ga ƙwaryar dusata. Shekara ta zagayo, karfasa ta ragu, ta fara faɗi kamar tafin hannu.

Ran nan kuma sai ga mai shela: su ranar Asabar.

Ban tsaya neman mayafin kirki ba. Bayan la'asar na tarar da dattawa a ƙofar mai gari, yayana na cikinsu. Na durƙusa na gaishe su, don ba a ce na rasa tarbiyya ba, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, na zo a janye shelar nan."

Mai gari ya ce, "Ɗiyata, ruwa na Allah ne. Ba ni da ikon hana jama'a su."

"Ban hana kowa ruwa ba. Shanunku na sha, tubalinku da shi ake kwaɓawa. Kifin ne ban ga Allah ya saukar da shi da hadari ba. A cinyata ya zo daga Waca. Ku kama da ƙugiya, ku ci manya, ku bar ƙanana. Iyakar roƙona ke nan."

Yayana ya ce, "Ke, rufa mana asiri. Tunda kika fara zuwa lakwal, makarantar tsofaffin nan, ba a jin kunne."

Na ce, "Yaya, kai matarka a ina ta kwana bara da ka kwashe mata sange? Sauro ya gaishe ka."

Wasu suka sunkuyar da kai suna dariya. Mai gari ya ɗaga hannu, ya ce magana ta ƙare, su na nan ranar Asabar. Na miƙe, har na juya, sai na dawo.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya. Ruwan na Allah ne, na ji. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa fa?"

"Gonar ubanki ce, wa ya musa?"

"In mutum ya shinge gonar ubansa, ya yi laifi?"

Wannan karon har mai gari sai da ya dara. Ya ce, "Je ki shinge, baiwar Allah. In kin gama ki shinge mana iska."

Na ce na gode, a gaban shaidu.

Yau in na zauna bakin ramin ina kallon magidanta da ƙugiyoyinsu, kowa na jiran rabonsa, ciki har da yayana, ba na jin na ci nasara kan kowa. Haushi nake ji, na shekarar da aka ɓata mini da kuma ƴan kifin da suka bushe a rana. Abin da na koya shi ne, mutanena ba mugaye ba ne, al'ada ce suka ɗauko daga babban tabki suka aza wa ƙaramin rami, kuma roƙo ba ya sauke irin wannan kaya, balle daga bakin mace. Ba a sake jan sange a ramin nan ba har yau, ba kuma don an ji maganata ba.

Washegarin ranar da na je ƙofar mai gari, ina idar da sallar asuba na ɗaura wa jakin maigidana amalanke. Na tuge tsohon shingen ƙayar da ke gefen ragowar gonata, magarya da farar ƙaya, na loda. Kowane reshe na ɗaure masa dunƙulen marmara don ya nutse, yadda duk sangen da aka ja zai sarƙe ya kece. Na bar wa shanu mashayarsu a buɗe. Na ɗaure zanena tamau, na shiga ruwa har ƙirji, na fara dasawa daga inda iyakar gonar ubana take.