Katin da Na Yarda a Goge

Shekarar da ake shirin zaɓe, soja na cewa za su miƙa mulki, ina bugun sunayen masu jefa ƙuri'a a wani buro, wato ofis, a Gazawa. Inna ta rasu a lokacin kaka, a ƙauyenmu na wajen Gidan Sori. Na koma aiki bayan sadakar bakwai, ba na kuka, ba na komai.

Muryarta na cikin katin memorin salulata. Wata rana na ɗauki muryar tana tankaɗe, tana cewa, "Kau da abin ga daga bakina, ka taho ka ci tuwo." Minti ɗaya ne ko bai kai ba. Ita kaɗai nake da ita.

Don tsoron kada ta ɓace, na sa katin a kwamfutar buro in adana. Na fiddo shi na mayar, salula ta ce babu kome ciki.

Mai gyaran injinanmu mutum ne da ya yi imani da antibirus, maganin cutar kwamfuta, kamar laya. Duk wata sai ya hau mota zuwa Maraɗi ya ɗauko mata sabon ƙarfi, don mu ba mu da intanet. Ya sa katin, ta kama ƙwayoyin cuta, ta kashe. Kati dai fayau.

"Malam, sun cinye," in ji shi. "Sai dai mu goge shi duka, ka ci moriyar katin."

Na ce to. Ya goge, ya zuba mini wa'azi a ciki don ya faranta mini.

Akwai wani malamin lakol, wato makarantar boko, daga Cadawa da ke leƙo mu ran kasuwa, da tsohuwar kwamfuta mai wani tsari daban. Kullum cikin musu suke da mai gyara. Malamin ya ce cututtukanmu ba sa kama tsarinsa, ba ya buƙatar antibirus. Mai gyara ya ce ai don ba kowa ke amfani da shi ba ne, ɓarawo ba ya wahala a kan kango. Ni dai sai in ci gaba da buga sunaye, don ban ga inda abin ya shafe ni ba.

Bayan wata biyu wata unguwarzoma ta kawo katinta, irin ciwon nawa sak. An wanke da antibirus, fayau. Ranar malamin na nan. Ya ce mata, "Baba, kawo in gani." Ya sa a tasa kwamfutar, sai ga hotunan jikokinta reras, ko ɗaya bai ɓata ba.

"Wannan cutar ba ta ci," ya ce mata. "Ɓoyewa take yi. In dai ba a goge katin ba, suna nan."

Mai gyara bai dube ni ba. Ni ma ban ji haushinsa ba, ban ji kome ba. Na dai gane cewa lokacin da na ce to, Inna na ciki tana kirana cin tuwo.

Na juya na buga suna na gaba.