Ƙasar da na hana a rufe

Da na ajiye alli, bayan shekarun da na yi ina koyarwa a kwalejin horon malamai, mutane suka dame ni da tambayar me zan riƙa yi da ranata, sai ka ce wadda ta bar aiki ta bar numfashi. Ni kuwa ina da abin yi. A tsakar gidana a Gwagwalada akwai ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, na shuka zogale da rama da barkono. Da safe in fito da kujerata da kofin shayi, in tuɓe takalmi in sa ƙafa a ƙasa, in kunna rediyo in yi ta musu da masu magana a ciki. Ba sa jina, shi ya sa kullum ni ke yin nasara. Ranar da ruwan farko ya sauka kuwa, ƙamshin ƙasar nan ya fi mini duk turaren da surukata ke kawo mini.

Lokacin ne Abuja ta haukace da gini. Farar hula sun dawo mulki, kuɗi ya shigo gari, duk wanda ya samu ɗan hali sai ya shafe tsakar gidansa da duwatsun daɓe na intalok, har kaza ta rasa inda za ta yi tono. Ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba, yana aiki a wata ma'aikatar tarayya, yana zaune a saman bene a cikin gari. Shi ma cutar ba ta bar shi ba.

Wata Asabar sai ga shi da tifar yashi da leburori. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Hajiya, gyara zan yi miki. Abokan aikina na zuwa gaishe ki, da damina su yi ta tsallaken taɓo. Ba girmanki ba ne."

Don ya kyautata mini ya yi, na sani, kuma abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Na ce ya rufe ko'ina ya bar mini wurin shukata. Ya ce zai ɓata tsarin, ya yi wa shugaban leburorin raɗa, ya shiga mota ya tafi.

Ni kuma na ɗauki kujerata na dasa ta a tsakiyar rama na zauna. Shugaban leburorin, wani mai gurguwar Hausa, ya zo yana sosa ƙeya.

"Mama, ka tashi mana. Oga ya ce mu gama yau yau."

Na ce, "Je ka gaya wa ogan naka ni na haife shi."

Na tsaya a gaban ɗalibai masu gemu ban girgiza ba, balle mai shebur. Rana ta gasa ni, a nan na yi azahar, a nan na yi la'asar. Suka gaji suka jera duwatsunsu suka zagaye ni, suka bar mini ƙasata.

Ɗana ya ji zafin abin. Ya koma gaishe ni a tsaitsaye, ko ruwa ba ya sha. Ya yi mini ciwo ƙwarai, har kuka na yi a ɗaki, amma ban kira leburan kowa ya rufe ƙasar ba.

Ana nan matarsa ta haihu. Da hantsi ya shigo riƙe da ɗan bokiti mai murfi, ya tsaya yana kame-kame.

"Hajiya, an sauka lafiya, mace aka samu. A asibiti sun ba ni mabiyiya. Na zaga gidanmu kaf, ko'ina siminti ne. Maigadi ya ce wai in jefa a bola."

Mu kuwa ba a yar da abin da ya rako jariri duniya. Wanke shi ake yi a binne a ƙasar gida. Tasa ma tana can bayan ɗakin uwata a ƙauye. Magana ta zo mini har baki, mai zafi, na haɗiye ta. Na wanke abin da hannuna, na miƙa masa fartanya.

Ya tuɓe takalminsa mai sheƙi, ya naɗe wando, ya durƙusa a gindin zogalen yana haƙa. Ya binne, ya daddaɓe ƙasar da tafin hannu. Can ya ce, a hankali, "Hajiya, a bar wurin nan yadda yake."

Na ce, "Da wa ya ce maka za a taɓa? Wanke hannunka ka zo ka sha shayi."