Abin da Anti Shiru Ta Gani Ta Taga

A asibitin jami'a akwai wata mai ba da magani da ɗalibai ke kira Anti Shiru. A bakin tagar ba da magani ta yi furfura. Ta zuba maka ƙwayoyi a 'yar leda, ta sunkuyo ta yi bayani ƙasa-ƙasa yadda na bayanka ba zai ji ba. In kun haɗu a hanya ba za ta fara gaishe ka ba, don kada abokanka su tambayi inda ta san ka. Mutane kuwa, da ba sa rasa abin faɗa, suka ce girman kai ne. Girman kan me, matar da kullum da ƙafa take zuwa aiki?

Mijinta ya rasu da wuri, ba su haihu ba. Duk duniya yayarta kaɗai gare ta. Duk ƙarshen mako yayar kan zo ɗakinta su yi girki, ta kwashe labarin unguwa kaf ta juye mata, ta ƙare da mita: "Ke hira da ke kamar hira da bango."

Wata rana Anti Shiru ta ɗago kai ta ga 'yar yayarta a layi, ɗaliba 'yar shekarar farko. Maganin farfaɗiya likita ya rubuta mata. Yarinyar ta dube ta ido cike da tsoro.

"Anti, don Allah kada Mama ta ji."

"Kada ki tsallake ko sau ɗaya," kawai ta ce, ta miƙa mata ledar.

Amma wata maƙwabciya ta hango yarinyar tana yawan shiga asibitin, ta kai wa uwar. Yayar ta zo ko zama ba ta yi ba.

"Me ke kai 'yata wurinku?"

"Yaya, ba na maganar wanda ya zo ko wanda bai zo ba."

"Ni ce fa. Ni na goya ki."

"Na sani. Ki tambaye ta."

Daga ranar yayar ta ɗauke ƙafa. Anti Shiru ta ci gaba da dafa abincin mutum biyu, tana kasa kunne ga ƙofa, daga baya ta rage tukunya. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai. Sau da yawa takan ɗauki waya, maganar tana kan harshenta, sai ta tuna idon yarinyar ta ajiye.

Bayan watanni yarinyar ta gaya wa uwarta da bakinta. Da Anti Shiru ta ji sallamar yayarta, har da gudunta ta buɗe ƙofa, ta ɗauka komai ya wuce.

Yayar ta zauna a bakin gado, ta rame.

"Ta faɗa min. Babu irin mugun tunanin da ban yi a kan yarinyar nan ba, har zagin ta na yi, ashe ba ta da lafiya. Kalma ɗaya daga bakinki da ta wadatar."

"Maganar ba tawa ba ce, Yaya."

"Haka ne. Kin iya aikinki."

Ta buɗe jaka ta fito da makullin ɗakin da ke hannunta shekara da shekaru, ta ajiye a kan tebur, ta fita.

Washegari yarinyar ta zo karɓar magani, fuskarta a sake.

"Anti, kun shirya da Mama ko?"

Anti Shiru ta ɗaure bakin ledar. Wannan ma ba ta faɗa ba.