Ludayin Taga ta Uku

A taga ta uku ta ofishin karɓar takardu akwai wata mata, za ta kai shekara hamsin, tabaraunta ɗaure da zare. Manya sun sa wa tagar gilashi mai kyan gaske, sai dai daga kujerar matar hannu ba ya kaiwa ramin miƙo takarda. Shi ne ta zo da dogon ludayi daga gida, ta ɗaura masa maƙalin shanya. Da shi take cafko takardu, layinta ya fi na kowa gudu. Ina jin gidanta mai gyara bai taɓa cin ko sisi ba.

Ina cikin layin sai ga manaja da baƙi. Wuf, ludayi ya shige ƙarƙashin tebur, layi ya tsaya cak.

"Mu nan ƙananan ma'aikata muke ba wa dama su kawo dabaru," in ji shi. "Matsalar tagar nan ma wata takwas ke nan kwamiti yana kanta."

"Allah ya ƙara wa kwamiti basira, ranka ya daɗe," ta ce.

Wani tsoho a bayana, tsayuwa ta gallabe shi, ya rage murya: "'Yata, in masu basirar sun wuce, a fito mana da ludayin."